Hannun Auta, Sunan Yaya

Ɗakin da Yaya yake kira “Sashen Fasaha” idan yana gaban baƙi, mutanen gida sito suke ce masa. Buhun shinkafa na jingine a kusurwa ɗaya, tsohon keken yara da wata katifa da ta gaji suna ɗaya kusurwar, a tsakiya kuma tebur ne da kwamfuta da wata fanka da ƙararta ta fi iskarta yawa. A nan Auta take zama tun daga karin kumallo har rana ta yi sanyi, a kan kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya. Duk wanda zai ɗebi shinkafa sai ta matsa masa.

Daga wannan siton ake tafiyar da makarantar intanet ta Yaya. Ɗalibai sun haura dubu biyu, kowa daga gidansu yake shiga ta wayarsa, ya kalli darasin lissafi ko na kimiyya, ya yi gwaji, ya ga makinsa nan take. Manhajar da ke ɗauke da makarantar ba sayen ta aka yi ba. Irin wadda ake kira mai buɗaɗɗen tushe ce. Wasu bayin Allah a ƙasashe daban-daban, malamai da masu rubuta manhaja, suka haɗu suka gina ta, suka bar ƙofarta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara ta daidai buƙatarsa. Auta ce ta gano ta, bayan ta gama karatun kwamfuta ta dawo gidan yayanta zaman jiran aiki. Ita ta sauke ta, ta kafa ta, ta fassara duk rubutun da ɗalibi zai gani, ta rage mata nauyi har tsohuwar waya mai fasasshen gilashi ma tana buɗe ta. Ta kuma yi dabarar da ɗalibi zai sauke darasi sau ɗaya, ya yi ta maimaita kallo ba tare da datarsa ta ƙare ba.

Yaya ma ya ba da tasa gudummawar. Ya ba makarantar sunansa, ya kuma ba da hotonsa, wanda ya ɗauka cikin kwat, ya tallafe haɓa kamar mai tunanin makomar duniya.

Wata safiya ya shigo siton, turarensa ya riga shi isowa, ya tsaya a kanta yana kallon allon.

“Auta, wannan ɗan rubutun na can ƙasa, na mene ne?”

“Sunan manhajar ne, Yaya, da na waɗanda suka yi ta.”

“Su wa? Na san su?”

“Ba ka san su ba. Amma sharaɗinsu ke nan. Ka ɗauka kyauta, ka yi abin da ka ga dama, kada dai ka goge sunansu.”

Yaya ya yi dariya har sai da ya dafa buhun shinkafa. “Kin taɓa ganin wanda ya zubar da kaya a bakin titi ya dawo yana kafa sharaɗi? Abin da aka bayar kyauta ai ba shi da mai shi. Goge. Yau masu makarantu za su zo, ba na son su ɗauka aro muka yi.”

“Ai aron muka yi.”

“Ke kika yi. Ni ban ari komai ba.” Ya kai yatsa kan allon, ya bar masa shatin maiƙo. “Wannan kuma fa? ‘Mai kula da fasaha’, ga sunanki ɓaro-ɓaro. Wa ya ce ki sa?”

“Ba kowa. Na ga ni ce mai kula da ita.”

“Ke yarinya ce, ba ki san duniya ba. Sunan ’ya mace a shafin kasuwanci? Gobe kowane ɗan iska ya fara nemanki wai darasi ya ƙi buɗewa. Mutuncinki nake karewa. Cire.”

Nata ta cire ba gardama. Nasu kuwa sai da ta daɗe tana kallo kafin ta danna. Ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ta ji kunya irin ta wanda ya ci ya ƙoshi a gidan mutane ya fice ba sallama.

Da hantsi baƙin suka zo, maza huɗu, aka zaunar da su a falo. Auta ta shigo da tiren ruwa daidai lokacin da Yaya yake cire tabarau yana murza ido.

“Shekara uku na yi ina gina manhajar nan,” in ji shi. “Kun ga abin da ta yi wa idona.”

Ɗaya daga cikin baƙin, mai ɗan sanin kwamfuta, ya tambaye shi da wane yare ya rubuta ta, yana nufin irin yarukan da ake rubuta manhaja da su.

“Turanci mana, ranka ya daɗe,” in ji Yaya. “Amma na sa an fassara.”

Baƙon ya ɗauka barkwanci ne, ya bushe da dariya, sauran suka taya shi. Kafin su tashi, uku sun amince za su sa ɗalibansu. Da za su fita, ɗaya ya dubi Auta ya ce wa Yaya, “Ita ma ka riƙa koya mata ko da kunnawa da kashewa ne. Zamani ya canza.”

“Muna ƙoƙari,” in ji Yaya. “Sai dai ka san yaran yanzu.”

Ɗalibai suka ƙaru, aiki ya ninka. Malamai suna turo darussa a karkace, ita za ta daidaita, ta yanke, ta ɗora. Wanda ya manta kalmar sirrinsa ita, wanda makinsa ya ɓace ita, uban da ya biya shafi bai buɗe ba ya kira yana zage-zage, Yaya ya miƙo mata wayar ya ce, “Ga sakatariyata.” Matar Yaya, wadda Auta ke kira Anti, idan za ta fita unguwa sai ta turo mata yaran biyu, ta ce daga bakin ƙofa, “Tunda dai kina zaune.”

Ciwon da yatsu uku ya fara, babban yatsa da biyun da ke kusa da shi a hannun dama. Sai su yi sanyi kamar ba nata ba, ta yarfe hannun, su dawo. Daga baya yarfewar ta daina aiki. Wata rana kofin shayi ya suɓuce mata ya tarwatse a gaban Umma, mahaifiyarsu, wadda ɗakinta ke kusa da kicin.

Umma ta kama hannun ta juya shi, ta duba gaba da baya. “Ni ban ga komai ba. Babu kumburi, babu rauni.”

“A ciki yake, Umma. Kamar ana soka min allura.”

“Aikin zaune ma har ciwo yake sawa? Mu da muka yi wankin mutum goma da hannu, muka goya, muka ɗebo ruwa, ba mu ce komai ba. Ke latse-latse kawai.” Ta lakato man zafi ta mulke mata. “Maza koma, kada yayanki ya dawo ya tarar ba a gama ba.”

Ranar da Yaya ya sayo sabuwar mota, gida ya fito kallo, Auta ta bari sai da hayaniya ta lafa, ta same shi yana goge madubi da hankici.

“Yaya, ina so mu yi maganar albashi. Ko kaɗan ne. Ina so in ga likita, in sayi kujera da teburin da ya dace.”

Ya daina gogewar, ya kalle ta kamar ta zagi kakansu.

“Albashi? A gidan nan? Me kika rasa? Ci ko sha?”

“Ban rasa ba. Amma aiki nake yi.”

“Tsaya in tambaye ki. Waɗannan mutanen naki da suka yi manhajar, ba da bakinki kika ce min da yawansu ba biyan su ake yi ba? Manyan masana, wasu da furfurarsu, suna yi don amfanin jama’a. Ke kin fi su ne? Ki yi koyi da na gari mana.”

“Su ganin damarsu suka yi, Yaya. Ranar da suka gaji, ajiyewa suke yi.”

“To ke ma kin ga dama. Na ɗaure ki ne?” Ya buɗe motar ya shiga, ya sauke gilashi. “Kuma duk abin da kika ga na samu, ai namu ne. Gobe ma in kin shirya sai in zaga da ke.”

Bai zaga da ita ba, don washegari akwai gwajin ƙarshen wata.

Wuri ɗaya ne Auta take jin ita mutum ce, zauren intanet inda masu amfani da manhajar ke haɗuwa, mai tambaya ya tambaya, mai sani ya amsa. Takan leƙa da tsakar rana tana cin abinci da hannun hagu, ta amsa wa wani malami da ya maƙale a wata ƙasa mai nisa. Sau ɗaya ta aika wa masu manhajar da ɗan gyara, suka karɓa, suka gode mata da sunanta. Sauran gyare-gyaren, manyan, Yaya ya hana. Ya ce sirrin kamfani ne. Abin da aka ɗauko kyauta, da ya shigo gidansa ya zama sirri.

Wata malama cikin masu kula da zauren ta lura da ita, ta aiko mata da saƙo. Ta ce suna da gurbin horo na shekara ɗaya, da albashi, ga wanda ya taɓa tafiyar da manhajar a makaranta ta gaske, musamman inda intanet ba shi da ƙarfi. Ta ce irin amsoshin da Auta ke bayarwa sun nuna ta san abin da take yi. Abu ɗaya ya rage, mai makarantar ya tabbatar da bakinsa cewa ita ce ta yi aikin. Za su kira shi.

Auta ta karanta saƙon sau uku. Ta buga shi a takarda, ta kai wa Yaya da hannu biyu. Ya karanta yana gyaɗa kai, ya ce, “Madalla. Su kira.”

Ranar Laraba da la’asar suka kira. Auta tana tsaye a bayan labulen falo. Yaya ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya zuba Turancinsa na ganin baƙi. Ta ji komai. Ya gode musu da kulawa. Ya ce ƙwarai, ƙanwarsa ce, yarinya mai ladabi. Ya ce takan ɗan taimaka da buga rubutu da amsa waya, wani lokaci ta haɗa wa ma’aikata shayi. Ya ce aikin fasahar kuwa shi da tawagarsa suke yi. Ya ce yana da kyau a ƙarfafa mata, amma shi mutum ne da ba ya son a ɗora wa yaro kayan da suka fi ƙarfinsa.

Da ya kashe wayar ta fito daga bayan labulen.

“Wace tawaga, Yaya?”

Bai ko razana ba. “Laɓe kike min yanzu?”

“Wace tawaga?”

“Ke, ki yi hankali. Na faɗa wa masu makarantu ni na yi, na faɗa wa iyayen yara ni na yi. Yau kuma in ce wa baƙi ƙanwata ce? So kike a ce yayanki maƙaryaci ne? In na faɗi, da wa na faɗi? Ba da ke da Umma ba? Kuma in kika tafi shekara guda, wa zai riƙe min nan?”

“Tawagar,” in ji Auta.

Bayan kwana biyu malamar ta rubuto. Ta ce ta yi baƙin ciki, abin da Auta ta rubuta da abin da mai makarantar ya faɗa sun saɓa, a shafin makarantar kuma babu sunanta ko’ina, babu ma sunan manhajar. Dokar gurbin ba ta ba ta damar wucewa da ita a haka ba. Ta ce ko wata shekarar.

Auta ta rufe kwamfutar, ta shiga ɗaki, ta ƙi fitowa kwana biyu. Shafi ya tsaya cak, waya ta yi ta ruri. A rana ta uku aka kirawo Kawu, ƙanen mahaifinsu marigayi, wanda ake ɗaukowa duk lokacin da ake son a yi wa ƙarami nasiha.

Kawu ya zauna a kujerar da ta fi laushi, ya sha lemo, ya saurari Yaya tsaf. Da Auta ta fara nata bayanin sai ya ɗaga hannu.

“Na gane, na gane. ’Yar nan, ni ban san kwamfuta ba, amma na san zumunci. Me ye suna? Suna ana ci ne? Ke da za ki tafi gidan wani gobe, sunan gidan nan ai a wuyan yayanki yake. In an yabe shi, ke aka yaba. Ɗan’uwa rabin jiki ne.”

“To, Kawu, me ya sa kullum rabin nawa ne yake ciwo?”

Umma ta tafa hannu tana salati. “Kun ji ko? Abin da karatun ya koya mata ke nan, mayar wa manya magana.”

“Kuma waɗannan mutanen,” Kawu ya ci gaba kamar bai ji ba, “wa ya san su? Mutum ya yi aiki ya bayar kyauta, ai sai a bincike shi. Ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila ma Allah ne ya tsare ki da bakin yayanki. Tashi ki ba shi haƙuri.”

Ta ba shi haƙuri. Yaya ya nuna dattako, ya ce ya yafe duniya da lahira. Aka raka Kawu mota da leda a hannu, ita kuma ta koma sito.

Lokacin babbar jarrabawa ya zo, ɗalibai suka yi wa shafin rubdugu. Auta ta ɗaure wuyan hannunta da tsohon ɗankwali, tana bugawa da dama, in ta gaza ta koma hagu, har hagun ma ta fara. Ciwon ya hau zuwa gwiwar hannu. Ta daina iya murɗe murfin kwalba. Ranar da aka gama jarrabawar, Yaya ya fitar da sanarwa yana gode wa Allah da jajircewar shugabancin makaranta. Washegari da safe Auta ta tsaya a banɗaki da buroshi a hannu, ta ba yatsunta umarni su riƙe, suka ƙi. Buroshin ya faɗi. Ta sunkuya ta ɗauka, ya sake faɗuwa.

Umma ce ta raka ta asibiti, Yaya yana da taro. Likitar, wata mace mai ƙaramar murya, ta ƙwanƙwasa wuyan hannun, ta sa ta haɗa yatsu, ta duba tsokar gindin babban yatsa da ta fara shanyewa.

“Jijiya ce ta matse, kuma an bar ta ta daɗe. Wata nawa ke nan?”

“Ya kai takwas.”

“Takwas! Wane aiki kike yi?”

Kafin Auta ta buɗe baki Umma ta amsa. “Ba ta aiki, likita. A gida take.”

Likitar ta dubi Umma, ta dubi hannun, ta dubi Auta. Ta ɗaura mata abin tallafe hannu. Ta ce ba kwamfuta, ba waya, ba wanki, na wata uku aƙalla, da zuwa gashin hannu a asibiti sau biyu a mako. In bai sake ba sai an yi tiyata, kuma ko an yi, ba ta yi alkawarin ƙarfin zai dawo duka ba.

Cikin mako guda Yaya ya ɗauki ma’aikaci. Wani magidanci ne mai tumbi da jakar kwamfuta a kafaɗa, wanda Yaya ya gabatar wa gida da sunan Ƙwararre. Abin da Auta ta gani a kwanakin nan ya fi ciwon ba ta mamaki. Aka fitar da shinkafa da keke da katifa. Aka yi wa siton fenti, aka sa na’urar sanyaya ɗaki, aka kawo faffaɗan tebur da kujera mai juyawa mai matashin baya. Aka yanka wa Ƙwararre albashi, aka ce direba zai riƙa ɗauko shi. Anti da kanta take kai masa abinci a rufe, tana kwaɓar yara kada su dame shi, aiki yake yi.

“Ashe akwai kuɗin kujera,” Auta ta ce wa Umma.

“Ai shi baƙo ne. Bare ba ya yi maka don Allah. Naka sai naka.”

Ƙwararre ya yi kwana uku yana juyi a kujera, ya kasa gano kan abin. Ba don bai iya ba, sai don gyaran shekara biyu ne, kuma taswirarsa tana kan mutum ɗaya. Yaya ya zo ɗakin Umma ya samu Auta a kwance, hannu a kan matashi.

“Taso ki ɗan zauna kusa da shi. Ba za ki taɓa komai ba, likita ta hana, ni ma ba zan yarda ba. Ki riƙa faɗa masa kawai, shi yana bugawa.”

“Likita ta ce in huta, Yaya.”

“Hannu ta ce,” in ji Umma. “Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a hannu. Baki ai lafiyarsa ƙalau.”

Aka dawo mata da kujerar robarta, aka ajiye a bayan mai juyawa. Kwana huɗu tana faɗa yana bugawa. Shiga nan, buɗe wancan, kada ka taɓa wannan, zai rushe makin ’yan aji uku. A rana ta biyar Yaya ya leƙo ganin yadda aiki ke tafiya. Ƙwararre yana cikin duba dabarar sauke darasi, ya juyo da kujera yana kaɗa kai.

“Ranka ya daɗe, gaskiya wanda ya yi wannan ya san hannunsa. Na yi aiki wurare da dama, ban ga an yi wa ƙananan wayoyi irin wannan tanadi ba. Wa ya rubuta?”

Yaya ya sunkuyar da kai cikin tawali’u. “To, ka san mutum ba ya yabon kansa.”

“Ni na rubuta,” in ji Auta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ta rubuta wannan, da na gabansa, da na bayansa. Ta ce manhajar ta mutane ce, kyauta suka bayar, sharaɗinsu ɗaya a bar sunansu, aka sa ta goge. Ta ce Yaya bai san kalmar sirrin shiga shafinsa ba, in ƙarya take yi ga kwamfuta nan, ya zauna ya shiga.

Yaya bai zauna ba. Ƙwararre ya dubi hannunta da ke ɗaure, ya dubi na’urar sanyi, ya dubi kwanon abincinsa da ke rufe a gefe. Mutum ne mai iyali. Ya yi gyaran murya ya ce, “To, ai duk abu ɗaya ne. Gida ɗaya ne.” Ya juya kujerarsa ya fuskanci allo.

Auta ta tashi ta fita, ba ta sake shiga ɗakin ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, aka sake ɗauko Kawu, ta gaishe shi da ladabi, ta ƙi komawa. Ƙwararre ya lallaɓa da abin da ya samu, shafin ya yi nauyi, masu tsofaffin wayoyi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, Yaya ya ce dama ba su ne manyan masu biya ba. Dangi kuwa labarin da ya isa gare su shi ne, Auta ta yi wa yayanta butulci a gaban baƙo, bayan ya ci da ita, ya sha da ita, ya koya mata kwamfuta. Anti ta daina amsa gaisuwarta. Umma ta ce ba ta yi fushi ba, amma a bar ta da abin da ke ranta. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya kore ta, ba wanda ya hana ta abinci, don haka duk wanda aka tambaya zai rantse ba a yi mata komai ba.

Wurin gashin hannun ita kaɗai take zuwa, a motar haya, don direba yana kan ɗauko Ƙwararre. Wata Talata tana zaune a layi, an ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa kafin a kira ta, sai talabijin ɗin da ke maƙale a bango ya nuno fuskar da ta sani. Shiri ne a kan mata da fasahar zamani, an gayyato Yaya a matsayin wanda ya kafa makaranta da hannunsa. Ya sha sabuwar kwat. Mai gabatarwa ta tambaye shi wace shawara zai ba ’yan mata masu sha’awar wannan fanni.

“Su dage,” in ji Yaya. “Su yi haƙuri, su yi aiki tuƙuru, kada su damu da wa aka yaba. Kuma ina kira ga iyaye da yayye, don Allah a ba su dama. Ni a gidana na fara.”

Wata dattijuwa da ke kusa da Auta, wadda ta kawo gwiwarta gashi, ta saki ajiyar zuciya ta taɓo ta.

“Kin ji mutumin kirki, ’yar nan. Allah ya ba mu irinsa a gidajenmu. Ai ƙannensa mata sun more.”

Auta ta dubi ƙwallon da ke tafin hannunta. Ta tattara duk ƙarfinta ta matsa. Yatsu biyu suka lanƙwasa, uku suka tsaya inda suke.

“Sun more, Baba,” ta ce.

Ma’aikaciyar jinya ta leƙo ta kira sunanta, cikakke, da ƙarfi, har sau biyu. Ta miƙe ta shiga.